Ƙarfen da Ɗana Ya Lanƙwasa

Shekarun baya, lokacin da aka rage wa ma'aikata albashi, ɗana ya dawo Garwa daga jami'ar Ngaundere. Ni ban iya rubutu ba. Jikata ce ke rubuta wannan, kuma na ce kada ta gyara min magana.

Mahaifinsa ya riga ya rasu, sai ya zuba kayansa a ɗakin marigayin: kwalba, batirin mota, wayoyi, da wani siririn farin ƙarfe kamar ganyen rake. Ya ɗaure ƙarfen, ya murɗa noti har ya lanƙwashe kamar baka, ya tsoma shi a ruwa, ya haɗa waya. Ruwan ya shiga fitar da kumfa.

"Dada, zo ki gani. Wannan iskar sunanta idirojen, tana kama wuta. Wata rana da ita za a yi girki."

Na ce, "Ruwan ma wuta zai zama? To da me za mu kashe gobara?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ƙarfen ba ya ƙarewa, taimaka wa ruwan kawai yake yi ya rabu, iskar ta fito. In aka ɗan takura shi, yadda yake kama iskar ya sake ta yakan canza, kumfa ta ƙaru. Amma malamansa ba za su yarda ba sai an kwance notin, ƙarfen ya miƙe, an auna an ga kumfar ta koma kamar da. Ni kuwa na bi maƙwabta ina cewa ɗana na tafasa ruwa babu itace.

Babu abin auna kumfar a Garwa. Ranar da zai tafi aro, ya zare waya daga batir, ya ce, "Kada kowa ya taɓa notin nan sai na dawo."

'Yan fashi suka tare motarsu a hanya. A bayan motar auduga aka kawo min gawarsa.

Na kulle ɗakin. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Rannan sai ga abokin karatunsa da abin awon a jaka. Ya durƙusa ya ce, "Dada, ki bar ni in ƙarasa, sunansa ya fito a aikin. In ba haka ba, kamar bai taɓa yi ba."

Da hannuna na buɗe masa.

Ya yi bismilla, ya kwance notin da ƙyar saboda tsatsa. Muka zuba ido. Ƙarfen bai miƙe ba. Ya taɓa shi da yatsa, yana nan a lanƙwashe.

"Ya daɗe a takure, Dada. Ba zai koma ba."

"To aikin fa?"

"Sai dai a sake da wani ƙarfen. In kuwa aka yi haka, aikin ba nasa ba ne."

Ya zauna a bakin ƙofa yana kuka. Ni ce ma na ba shi haƙuri.

Jikata ta ce yanzu ana ta wannan bincike a ƙasashen waje. Allah ya ba su sa'a. Babu wanda ya san ɗana a cikinsu. Mutane kan ce min an daɗe, in saki raina. Nakan ce to.

Ƙarfen yana cikin akwatina, kusa da likkafanina. Nakan ɗauko shi in share masa ƙura. Ban taɓa gwada miƙe shi ba.