Tsutsotsin Lakar Teku

A duk ayyukan da na yi a Jidda babu wanda ya tayar min da zuciya kamar wankin laka. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, a lokacin, duk abin da ya samu karɓa nake. Wani maƙwabcinmu a Waziriyya ya kai ni wani sito a unguwar masana'antu, inda ake kawo lakar da jirgi ya kwaso daga ƙasan teku don a bincika. Kowane bokiti an rubuta masa zurfin da aka ɗebo shi. Nawa aikin in juye a rariya, in yi ta kwarara ruwa.

Warin kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ga kuma maganin da suke zubawa yana sa ni hawaye. Mai gidana a wurin aikin haifaffen Jidda ne, jikan wani Bakano, Hausarsa rabi Larabci ce. Ran nan ya ga ina yatsina fuska, ya ce, "Yalla, ɗan'uwa, zo ka ga abin da kake wankewa."

Na sa ido a na'urarsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Lakar ba ta cika cokali ba, amma tsutsotsi ne maƙil, sirara kamar zare, an rina su ja. Wasu da gashi, wasu da ƙafafu kamar kwarkwata.

"Wannan daga bakin gaɓa ne, inda ruwa bai wuce ƙugu ba," in ji shi. Ya canja faranti, sai na ga 'yan tsiraru. "Wannan kuma daga can ƙasa. Abinci ya ragu, su ma sun ragu."

Yana maganar yana dangwalar wake da burodi, da hannun da ya taɓa farantin. Na tuna yadda nake wanka a bakin teku ranar Juma'a, yashi na shiga bakina. Na fita waje na yi amai.

A gida kuwa, tsohuwar da nake haya a wurinta tana fama da ciwon gwiwa, an gaya mata lakar teku magani ce. Ta ce in ɗebo mata. Na kwashe duk abin da na gani na faɗa mata.

"To kawo min ta can ƙasan, tunda tsutsarta kaɗan ce," ta ce.

"Inna, ai tamu ta sito da guba a ciki."

"Shi ke nan, ni zan je."

Ta kuwa je bakin gaɓa. Ta dawo da laka baƙa ƙirin a tukunyar da take dafa mana shinkafa. Ta zauna a tsakar gida ta laɓta wa gwiwoyinta, ta bushe tana ɓarewa a kan tabarma. Da azahar ta ɗauraye tukunyar sama-sama ta ɗora girki, ta turo min nawa kwanon. Na ce mata na ƙoshi.

Tun ranar nake cin abinci a waje. Ba a daɗe ba na bar siton, na koma dakon kwali a Kurayyat.