Hannun da Yake Jin Ciwon Mota

Mijina bakanike ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Ba shi da fara'a, bai iya rarrashi ba, amma Allah ya ba shi hannu. In aka kawo mota tana karkarwa, sai ya zauna gefen direba, ya ɗora tafinsa a ƙasan motar, ya ce a ja. Kafin a kai ƙarshen layi ya faɗi inda ciwon yake. Shi ya sa 'yan gareji suke ce masa Likita.

Bara hannun ya fara rawa. Ni na fara gani, yana shan ruwa kofin na bugun haƙorinsa. Bai gaya wa kowa ba, ni ma na ja bakina.

Ana nan mijin autarmu ya sayi a-kori-kura, ya kai wani wuri aka rage mata tsayi har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, wai ta fi kyau haka. Tun daga ranar, in ta ɗauki gudu sai kujera ta riƙa kaɗawa. Ya kawo ta gareji ran Talata, ga shi Laraba zai kwashi Auta da jaririnta zuwa garin da aka mayar da shi aiki, tafiyar awa shida. Na je kai abincin rana na tarar da mijina cikin ramin gyara, ƙarƙashin motar, surukin yana tsugune a bakinsa.

"Ka ga wannan doguwar sandar?" in ji mijina. "Farfela ke nan, ita ke kai ƙarfin inji tayoyin baya. Da ka sauke motar, bakin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya kalli wani wuri, gindin akwatin giya ya kalli wani. Kowane juyi gaɓar sandar tana cin kanta. Ran da gaɓar gaba ta tsinke, sandar za ta caki kwalta, motar ta wuntsila ta kanta."

"Haba Baba, ai ba a yi wa mota mugun baki."

"Na ga mota biyu da hakan ta same su. Guda ni na jawo ta."

Ya kwance sifirin da ke ɗauke da nauyin motar, ya cusa ƙarfe mai kamar bakin gatari tsakaninsa da aksil don ya juyo da bakin daidai, ya ɗaure. Da aka zo gwaji sai ya ce in shiga. Bai taɓa sa ni a motar gwaji ba.

Muka hau babban titi, surukin yana tuƙi. Mijina ya ɗora tafinsa, ina kallon yatsun suna rawarsu.

"Baba, yaya ka ji?"

Sai mijina ya ce mini, "Ke, sa hannunki."

Surukin ya yi dariya. "Yau Mama ce Likitan?"

Na sa. Na ji wani abu can ƙasa, kamar ƙuda a cikin gwangwani. Ban sani ba ko kowace mota haka take yi. Na ce akwai.

"A bar ta kwana biyu, in sake aunawa," in ji mijina.

Surukin ya rage gudu, ya sunkuyar da kai, da ladabinsa. "Baba, ka yi haƙuri. Ko motar tana tsaye hannunka rawa yake yi. Duk gareji an sani."

Mijina ya janye hannunsa, muka dawo gareji.

Yau Laraba da safe suka loda kaya. Na ja Auta gefe na ce ta bari ta bi motar haya. Ta ce, "Mama, in ce masa ban yarda da motarsa ba, ko in ce ban yarda da gyaran Baba ba?" Ubanta ya leƙa ta taga ya ce mata abu ɗaya: in ta ji ƙwanƙwasa ƙarƙashin kujera, ta sa a tsaya ko a tsakiyar daji ne.

Bai je gareji ba. Yana zaune bakin ƙofa, waya a cinyarsa. Awa huɗu ke nan da tafiyarsu. Na kira wayar Auta sau biyu, ba ta shiga.