Katin Ƙofar da Babu Suna

A ofishin mujallar zanen gidaje da kayan ɗaki, babu mai kiranta da sunan yanka. Wa-ya-ce ake ce mata, har shi edita. Shekara talatin da ɗaya ta yi a teburin bakin taga, da jan biro da gwangwanayen biskit huɗu cike da katuna. Duk hoton da zai shiga mujalla yana da katinsa: wa ya ƙera, wa ya ɗauka, a bakin wa aka ji. In marubuci ya kawo aiki yana washe baki, ko kai ba ta ɗagawa.

"Kujerar nan, wa ya ce shekararta hamsin?"

"Haba Anti, ai kowa ya sani."

"To, je ka kawo min lambar wayar kowan."

Zamani ne mai daɗi, wallahi. Warin tawada na tasowa daga ɗakin inji, fanka na ta ƙara a sama, ana musu kan sunan masaƙi ɗaya har shayi ya huce. Masu ɗaukar hoto na gulmarta a bayan ido, amma ranar da wata jarida ta kwashe musu hoto babu suna, wurinta suke kawo kuka.

Sai dai akwai kati ɗaya da layinsa na sama ya zauna fayau. A shekararta ta biyu aka kawo hoton wata ƙofar katako mai sassaƙar ganye, daga wani gida da ake rushewa. Inji na jira, editan lokacin na tsaye a kanta yana duba agogo. Ta rubuta "ba a san masassaƙin ba" a ƙasan hoton, ta sa hannu. Ba ta tambayi kowa ba. Bayan wata biyu wasiƙa ta iso, babu suna, babu adireshi: "Ni na yi ƙofar nan. Ina raye. Da kun tambaya a layin kafintoci."

Ta je layin, ta tarar an tashe su, kowa ya kama gabansa. Kunyar wasiƙar nan ce ta mai da ita Wa-ya-ce. Tun daga ranar hoton ƙofar bai bar jakarta ba, duk kafintan da aiki ya haɗa su sai ta nuna masa.

Saura wata uku ta yi ritaya, ta je tantance labarin wata mai ɗinkin rigunan kujeru. Da suka gama, ta zaro hoton kamar kullum, ba don tana sa rai ba. Matar ta dafe ƙirji.

"Wannan ai hannun babana ne!"

Amma hali ba ya barin mutum. Sai da matar ta kawo tsohon littafin zanen mahaifinta, Wa-ya-ce ta ga ganyen, ta gwada rubutun da na wasiƙar, sannan ta cike katin.

Ta nemi a buga gyara a mujalla. Sabon edita, sa'an ɗanta, ya ce shafi ya yi tsada. "Mama, wa zai tuna kuskuren shekara talatin?"

"Shi masassaƙin yana tunawa. Ni ma haka."

Aka buga gyaran a shafi na uku, ƙofar a sama, sunan a ƙasa.

Da kanta ta kai wa masassaƙin mujallar. Ta same shi zaune a tsakar gida, idanu sun tafi, hannuwan duk tabon kurfin sassaƙa. 'Yarsa ta riga ta ba shi labarinta kaf, har laƙabin. Ya shafa takardar, ya ce a ɗora masa yatsa inda sunan yake. Wa-ya-ce ta ɗora, ta karanta masa a hankali, sau biyu.

Tsohon ya yi murmushin tsokana. "To, 'yata, wa ya ce ni na yi?"

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta.

"Kai ka ce, Baba, tun tuni. Ni ce ban tambaya ba."