Ƙarar da Na Shigar Kan Gonar Gwaggo

A shekarun da shari'a ta dawo, kowa a garinmu ya zama masanin doka, ni kuwa na fi kowa. Ina koyarwa a wata firamare wajen Rurum, ina da rediyo, ina da tabarau, kuma ba a taɓa tayar da gardama a majalisa na yi shiru ba. Mutane na kirana lauya don tsokana, ni kuma ina amsawa da gaske.

Gonata tana kan tudu. Ta gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana ƙasa da ita a gangare. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk sun yi aure nesa, 'yar gonar nan ce ke ci da ita: dawa, gyaɗa, da ɗan kuɓewa a gefe. Sai ruwa ya canza hali damina uku a jere. A yi ta jira har shuka ta yi yaushi, ranar da zai zo kuma ya zo kamar da bakin ƙwarya. Wani ɗan rami da akuya ke tsallakewa ya zama kwazazzabo, ya cinye kusan rabin gonar Gwaggo, yana neman sauran.

Ana cikin haka na ji a rediyo cewa a ƙasashen waje mutane sun fara kai manyan kamfanoni kotu, saboda hayaƙin da suke turawa sama shi ke rikita damina. Ai kuwa na miƙe tsaye. Na je na tarar da Gwaggo tana tsince gyaɗa, na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan ƙwato mata hakkinta.

Ta ce, "Ɗan nan, ruwa ai na Allah ne. Wa za ka kai ƙara?"

Na yi mata bayanin hayaƙi na kusan awa guda. Ta saurara, ta ce to, ta ci gaba da tsintar gyaɗarta. Na ɗauki wannan "to" ɗin a matsayin izini.

Shafi uku na rubuta, na kai aka buga mini da tafireta. Wurin sunan wanda ake ƙara kawai na bari fili, don ban gama yanke shawarar ko wane zan fara da shi ba. Na sa babbar riga, na ɗauko Gwaggo a babur, muka nufi kotun shari'a.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta takardar har ƙarshe, abin da ya ƙara kumbura mini kai, sannan ya ɗago.

"Malam, wa kake ƙara?"

"Masu masana'antun duniya, Allah gafarta Malam."

"A wace unguwa suke?"

Na ji dariya ta tashi daga bencin baya. Alƙali ya tsawatar, ya ce shi ma ya ji labarin nan, kuma mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki. Amma ba a shari'a da wanda bai karɓi sammaci ba, keken masinjan kotu kuwa bai taɓa wuce Kibiya ba. Sai dai tunda tsohuwa ta yi asara, zai zo ya gani da idonsa. Na fito ina gaya wa mutane ƙara ta karɓu.

Ranar Laraba ya zo da mai unguwa. Na tsaya a bakin kwazazzabon ina nuna zurfinsa, ina jero kalmomin da na haddace daga rediyo. Alƙalin kuwa ashe ɗan manomi ne. Bai damu da inda ruwa ya ƙare ba, sai ya tattare rigarsa ya bi sawun ruwan yana hawa tudu, muna biye da shi. Sawun bai tsaya ko'ina ba sai cikin gonata.

Ya tsaya, ya dubi ƙasa. "Gambar iyakar nan fa?"

A wajenmu da gamba ake raba gona da gona. Ana yanke ta da kaka a yi zana, amma ba mai taɓa saiwarta, don ita ke riƙe ƙasa, ita ke karya ƙarfin ruwa. Ni kuwa shekarar da 'yan siyasa suka rabo taki, na tone ta kaf don in ƙara kunya huɗu ta masara. Ɗorawa uku da kakanmu ya bari a bakin iyakar su ma na sayar wa masu gawayi, wai inuwarsu na rage mini amfani. Ga kututturensu nan baƙi ƙirin. A jikinsu Gwaggo ke samun kalwar da take yin daddawa.

Wallahi sai a lokacin na haɗa wannan da wancan. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, babbar rigar ta yi mini nauyi.

Alƙali ya juya ga Gwaggo. "Iya, kin san daga nan ruwan ke zuwa?"

"Na sani, Allah gafarta Malam."

Ya zaro takardata daga aljihu, ya ɗora yatsa a kan filin da na bari. "To wannan kam masinja na iya kai masa sammaci da ƙafa. Kina ƙararsa?"

Ta dube ni, ta gyara mayafinta. "Ni na goya shi. In kai shi ƙara in ce me?"

Alƙali ya ninke takardar ya miƙo mini. Da ya ci ni tara da ya fi mini sauƙi.

A daminar nan na sake dasa gamba, na jera duwatsu a bakin ramin, na shuka ɗorawa uku. Kwazazzabon ya tsaya, amma ƙasar da ta tafi ba ta dawo ba. Daga rumbuna Gwaggo ta ci har ƙarshen ranta, kullum kuma sai ta yi mini godiya, godiyar da ba na iya tsayawa in ji.

Har yau in na ji a rediyo an ci wani kamfani a shari'ar hayaƙi ina jin daɗi, don na yarda suna da laifi. Amma na daina ɗaga murya a majalisa kan maganar. Ɗorawa itace ne mai jinkiri. Shekarar da nawa suka fara 'ya'ya, Gwaggo ta shekara biyu a ƙasa. Na tara kalwar farko a kwando, na tsaya da shi a bakin iyaka, ban san gidan da zan kai ba.