Man da Ya Kwana a Kan Katanga

Har yau in na ji warin man giya, wannan mai kaurin da ake zuba wa mota, sai tsigar jikina ta tashi. Ka yi haƙuri mai karatu, ban iya kwana-kwana ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka yadda nake magana haka nake rubutu.

Babanmu bakanike ne a unguwar Nasarawa Gwom ta Jos, a shekarun da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Yayansa, wanda muke kira Baba Babba, ya sayi wata tsohuwar baƙar mota a hannun Baturen kuza da zai koma gida. Shokazobarta, wato abin da ke shanye girgizar hanya, irin ta da ce: 'yar tukunyar ƙarfe mai hannu, da murfi a sama inda ake ɗura mai. Ta tsufa, tana yoyo.

Baba yana da wata al'ada. Duk man da zai zuba a shokazoba sai ya ɗiba a gwangwanin madara, ya ɗora a kan katanga ya kwana. Da safe, lokacin da sanyin Jos ke hana a taɓa ruwan randa, sai ya karkata gwangwanin. In man ya zubo, ya yi. In ya tsaya yana miƙa, a mayar da shi. Mai ruwa-ruwa yake so, kuma wurin wani ɗan Ibo mai shagon kayan mota kawai yake samu. Man birki kuwa ko kusa, ya ce robar ciki yake cinyewa.

A cikin wannan sanyi aka shirya kai surukar Baba Babba, matar ɗansa, goyon ciki gidan iyayenta a Lafiya. Cikin fari ne, ya tsufa. Ni aka zaɓa 'yar rakiya. Hanyar kuwa ta Hawan Kibo ce, inda ake gangarowa daga tsauni lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a gefe, rami a gefe.

Ɗan Ibon ya ce, “Oga, mai ya ƙare, sai sati mai zuwa.” Baba Babba bai iya jira ba. Ya shigo da galan ɗin man giya, abokansa na zaune a benci.

Ya ce wa Baba, “Wancan ruwan naka shi ya sa take yoyo. Wannan mai kauri, ta ina zai bi ya fita? Zuba.”

Baba ya dubi ƙasa. Ya ce, “To, Yaya.” Da hannunsa ya ɗura. Amma ragowar sai da ya ɗora a katanga.

Da safe ina shara na gan shi. Ya karkata gwangwanin, shiru. Ya kife shi gaba ɗaya, ko ɗigo bai faɗo ba. Inna na tsaye a bakin madafa, ita ma ta gani.

“Malam, je ka faɗa masa.”

“Ya riga ya yanke magana a gaban mutane.”

“To 'yata dai ba za ta shiga ba.”

Ta je ta zaro ƙullin kayana daga bayan mota, ta ce wa mutane zazzaɓi na kwana da shi. Iyakar abin da ta ce ke nan. Baba ya danna gaban motar da hannu biyu, ba ta ko russuna ba, ta tsaya kamar gungume. Ya ce wa ɗan yayansa da ke tuƙi, “Ku bi a hankali.” Motar ta fita daga lungu tana tsalle a kan kowane dutse kamar jakin da aka tsikara. Surukar ta ɗago mini hannu, da sabon lalle.

Ranar nan Baba ya zauna da sifana a hannu, bai kwance ko noti ɗaya ba. Bayan azahar wani direban babbar mota na unguwar Farin Gada ya yi sallama, ya kawo labari. A wata kwana a gangaren, hannun shokazobar ya ɓalle, motar ta ƙi juyawa, ta daki dutse. Allah Ya sa ba ramin ta nufa ba. Duka sun rayu. Cikin ne ya zube, kuma ba ta sake samun wani ba.

Aka ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma mutum biyu sun sani tun da safe, kuma iyayena ne.

Yanzu shokazoba a rufe take zuwa, in ta mutu a jefar a sa sabuwa, ba mai tambayar wane mai. Kunyar nan da ke hana ƙarami ja da babba ma ta ragu, tsofaffi na ta kuka da hakan. Ni ba na cikin masu kukan. Na ce wa jikokina, duk ranar da kuka ga zan jefa wani a rami, ku faɗa mini a gaban kowa, in ya so na yi fushin daga baya. Surukar nan tana nan da rai a unguwar Gangare. Ta tsufa tana goyon 'ya'yan wasu.