Rijiyar da Hajiya Rabi ta hana mu sha

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina goge mota aka kira ni, wai Hajiya Rabi ta rasu. Hawan jini. Hajiya Rabi fa! Ogata a sashen muhalli, wadda ta koya min aiki.



Ga wanda bai san ta ba, ita ce in ka nuna mata sabon abu ba ruwanta da kyansa. Sai ta ce, "Daga ina aka haƙo shi, kuma ina zai ƙare?" Ko gada ce, ko fenti, ko ledar fiya wata. Mukan tsokane ta a ofis mu ce ko burodi sai ta yi masa binciken asali kamar ya zo neman aure. Ta yi dariya, ta miƙo mana dabino daga jaka.

Da matata ta haihu, ita ta fara isa asibiti, tun daga Malali, da kunun gyaɗa a fulas.

Akwai kalmar da ta tsana: kondem. Batirin sola in ya daina riƙe caji, mu dai sai mu ce ya zama kondem, mu miƙa wa 'yan gwangwan. Ita kuwa sai ta ce min, "Kondem a wurin wa, Nura? Batir ba ya mutuwa, gida yake sakewa."

Ranar Asabar ta zo duba jaririyar a gidanmu, Kurmin Mashi. Tana alwala a bakin rijiya sai ta tsaya tana shinshina iska. Ta taka bulo ta leƙa ta katanga. Ashe a filin bayanmu ake fasa batura da guduma, a tuttular da ruwansu a ƙasa, a narka darma. Ni duk a zatona hayaƙin bola ne.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ta sa na ɗebo mata ruwan rijiyar a gora don ta kai a gwada, ta ce, "Kada mai jegon nan ta ƙara sha, ko girki kar a yi da shi, sai na kira ka."

Ba ta kira ba. Na tambaya, ba wanda ya san inda ta kai gorar.

Mu mun daina sha. Amma gidan haya ne, maƙwabta sun ce ruwa garau, ba wari ba ɗaci, sun ci gaba da jan gugarsu. Mu ɗin ma, da shi matata ta raini cikin nan tun farkonsa. Ga damina ta kankama, ina tsaye ina kallon ruwan sama yana wanko filin yana gangarowa wajenmu. Tsoro nake ji, jama'a.

Allah Ya jiƙanki Hajiya, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Don Allah ku yi mata addu'a. Kafin ku shafa, ku sako 'yata Ummi a ciki. Ko arba'in ba ta yi ba.