Ƙaramin Wardi

Muna zaune a unguwar Levenshulme ta Manchester, a wani ɗan gidan haya da ke saman shagon kayan miya, lokacin da 'yarmu ta dawo daga makaranta da jan ƙyalle maƙale a ƙirjinta. An nannaɗe shi zagaye kamar fure, da jela biyu suna reto. Ta zo ta ɗaya a tsere ne aka ba ta. Shekarunta shida.

"Rosette ake ce masa," ta faɗa mana da Turancinta na 'yan Manchester.

Mahaifinta nazarin harsuna ne ya kawo shi jami'ar garin, kuma ba ya barin kalma ta wuce bai tono asalinta ba. Ya ture kwanon tuwo gefe ya ce, "Mamana, zo ki ji." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ya ce mata daga Faransanci kalmar ta fito. Farkonta sunan furen wardi ne, ƙarshenta kuma ƙanƙantar da abu yake yi, kamar yadda muke cewa 'yar tukunya. Ma'anarta ƙaramin wardi ke nan. Ya nuna mata adon da aka yi a silin kewaye da ƙwan lantarki, ya cire hularsa ya nuna mata ɗinkin tsakiyarta, ya ce har zanen jikin damisa da wannan suna ake kiransa. Ya ƙara da cewa wardin ma aro muka yi wurin Larabawa.

Na ce, "Malam, tuwonka ya huce."

Bayan ya gama karatu ya sami aikin koyarwa a Birmingham, muka koma kusa da Edgbaston. A can ciwon kai ya fara damunsa. Ya riƙa cewa gajiya ce, sai da ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa. A asibiti aka ce tsiro ne a ƙwaƙwalwa, aka ɗebi kaɗan don a gwada.

Ranar da muka je jin sakamako, likitar, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta juyo mana da kwamfuta domin shi ya nace sai ya gani. Hoton abin da aka ɗiba ruwan hoda ne da shuɗi, ƙwayoyin ciwon sun yi da'ira-da'ira. Ta ce rosette suke kiran irin wannan jeri.

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya fara yi mata bayanin asalin kalmar, sai ya tsaya a tsakiya. Sunan harshen da ta fito ya ɓace masa. Likitar ta jira, ni ma na jira. Daga baya ta gaya mana a hankali cewa inda tsiron yake ba zai ciru duka ba.

Turancinsa ne ya fara tafiya. Mutumin da ke gyara wa ɗalibai rubutu ya koma sai na tsaya tsakaninsa da nas-nas ina tafinta. Hausa kaɗai ta rage masa, ita ma guntu-guntu. 'Yarmu kuwa Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Takan zauna a bakin gado ta ba shi labarin makaranta, yana kallon bakinta, yana gyaɗa kai inda bai kamata ba.

Zuwanta na ƙarshe asibitin da aka kwantar da shi, ya riƙe hannunta ya yi mata wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ta amsa da "To, Abba," duk da ba ta gane ba. Ya rasu ranar Laraba da hantsi. Ɗalibai 'yan Arewa da ya saba taimaka wa su suka yi masa wanka, suka kai shi makwancinsa a nan Birmingham.

Bayan sadakar bakwai muka koma Manchester, gidan wata 'yar uwata a Gorton. A cikin jirgin ƙasa 'yata ta tambaye ni abin da ya ce mata ran nan. Na ce, "Cewa ya yi ki sa rigar sanyi in za ki fita."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Ta juya tana kallon taga har muka sauka.